Ranar da Malamai Suka Ɗaga Hannu

Safana,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Babana, Malam Umaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Batsari, yaya kuma haƙuri da wannan hali na 'yan bindiga? Allah shi kawo mana ƙarshensa. Mu nan lafiya lau. Maigida yana gaishe ku, yara kuma kullum sai sun tambayi yaushe za a kai su wurin Kaka.

Tun da aka rufe layukan waya, tawa wayar ta zama tocila kawai. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Muntaka direban akori-kura ya ce duk ranar da ya samu mai ya yi lodin Batsari zai miƙa maka hannu da hannu.

Maganar makarantarmu ce ta cika mini ciki, kuma ba wanda zai gane ta kamar kai da ka tsufa kana hedimasta. An kawo mana sabon hedimasta farkon zangon nan, Malam Sharhabilu. Kafin ya kama aiki wata ƙungiya ta kai shi da wasu hedimastoci bita Katsina, ya dawo da wata magana da ba ta barin bakinsa: shugabanci na haɗin gwiwa. Ranar farko ya sa aka jera bencina da'ira a ɗakin malamai, ya zauna a cikinmu, ya ce shi ba shugaba ba ne, ɗan'uwa ne, kuma daga yau ba abin da za a yi sai da shawarar kowa. Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina, ga mutum irin Baba.

Sai ya fara kafa kwamitoci. Na jarrabawa, na ladabtarwa, har da na wasanni, alhali ko ƙwallo ba mu da ita. Ni aka ba ni shugabar kwamitin tsafta da muhalli, aka yi mini tafi.

Ba a jima ba na gane yadda ake dafa tuwon. Kafin kowane taro sai ya riƙa kiran malamai ofis ɗaya bayan ɗaya, ka ga mutum ya fito yana sosa ƙeya. In an zauna sai ya ce shi ba shi da ra'ayi, a faɗi abin da ake so. Nan take Malam Bashar, wani matashi da ke hangen kujerar mataimaki, zai miƙe ya kawo shawara tsaf kamar ya haddace ta. Sai a ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Da haka muka yanke cewa aikin ofis ya yi wa hedimasta yawa, kada ya riƙa shiga aji. Ajinsa aka ɗora wa Malam Hashimu, dattijon da ke koyar da Arabiyya, wanda tun da aka hana sayar da mai a jarka ya jingine babur ɗinsa, da ƙafa yake zuwa daga bayan gari. In abu ya yi kyau, hedimasta ya ce tsarinsa ne. In ya ɓaci, ya ce ai ku kuka yanke.

Akwai wani abu kuma da nake jin tsoronsa. Ka tuna na gaya maka azuzuwa biyu na baya 'yan gudun hijira ke kwana a ciki? Mata ne da yara daga ƙauyukan da ke gaba da Babban Duhu, tsohon hedimasta ya ba su wurin. Babbarsu wata tsohuwa ce, Gwaggo Kande. Da asuba suke naɗe tabarminsu su share azuzuwan su koma gindin darbejiya, kafin yara su iso har an yayyafa ruwa. A cikinsu akwai Jannatu, wadda aka kashe mijinta a gona bara. Ɗiyarta Mahfuza tana ajina, aji huɗu, kuma duk ajin ba wanda ya kai ta karatu.

To, an ce ƙungiyar nan za ta zo ta duba makarantun da suka yi bita, ta zaɓi wadda ta fi, a kai hedimastanta Abuja. Tun da labarin ya zo nake ganin Malam Sharhabilu yana zagaya azuzuwan baya da hankici a hanci. Allah shi sa zargina ne kawai.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce kukar da ta aiko ta iso.

Ɗiyarka,
Zuwairatu.


Safana,
Oktoba, 2021.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya Inna? Takardarka ta iso, na karanta ta na sake karantawa. Ka ce in yi haƙuri in kyautata zato, sabon shugaba kamar sabon takalmi ne. Na yi ƙoƙari, Baba. Amma abin da nake tsoro ya faru.

An kira taro. Ni kam ba a kira ni ofis kafin nan ba, sai na san akwai magana. Malam Bashar ya miƙe ya ce makaranta wurin karatu ce ba masauki ba, hayaƙin girkin matan ya ɓata bango, yaransu suna ɓata bayan aji, baƙi kuma na tafe. Shawararsa ita ce a sallame su. Baba, Malam Bashar ɗin nan fa mahaifiyarsa ma gudu ta yi daga ƙauye, tana ɗakinsa yanzu haka. Bakinsa bai yi nauyi ba.

Malam Hashimu ya ce a ji tsoron Allah, damina ba ta gama ɗaukewa ba, ina za su je? Ni ma na ce in tsafta ce damuwar, ni ce shugabar kwamitin tsafta, kuma ban taɓa ganin makarantar nan da tsafta irin ta yanzu ba, su ke share ta kyauta. Hedimasta ya yi murmushi ya ce ya ji daɗin yadda kowa ke faɗin ra'ayinsa, wannan shi ne haɗin gwiwa. Ya ce shi zuciyarsa tana tare da bayin Allah nan, amma ba zai danne ra'ayin jama'a ba. A ɗaga hannu.

Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da muke cin ƙosai tare, muke zuwa sunan juna. Wani ya ɗaga yana kallon silin. Wata ta ɗaga iya kafaɗa kamar mai korar ƙuda. Ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Ni da Malam Hashimu kaɗai muka bar hannuwanmu a cinya. Shi kuwa uban gayyar bai ɗaga ba, wai shi alƙalin taro ne.

Da aka tashi ya ce tunda magana ce ta muhalli, ni zan kai wa matan saƙo. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, bakin da ya ce a'a ba zai je ya ce ku tashi ba." Sai ya tura Malam Bashar. Da Gwaggo Kande ta zo ofis da sandarta tana roƙo, ina tsaye a baranda na ji da kunnena yana cewa, "Wallahi Gwaggo ni ba ruwana, da ta ni ce ku shekara goma. Malamai ne suka taru suka yanke, ni kuma ba na take shawarar malamaina." Har ya rako ta bakin ƙofa yana girgiza kai.

Sun tashi. Na tsaya a tagar ajina ina kallonsu da tukwane a ka, tabarmi a hammata, yara na jan akuya. Yawancinsu sun koma wani kango a bayan tasha, gini ne da aka bari ba rufi, suka ɗaura buhuna da leda a sama. Ba su kwana biyu ba aka yi ruwan nan mai iska. Ina kwance a ɗakina ina jin sa a kan kwano, na kasa haɗa ido da maigida.

Yanzu duk gari an ɗauka malamai ne azzalumai, hedimasta mutumin kirki. Mai kayan miyar da nake saye wurinta shekara da shekaru ta miƙo mini tattasai ba ta amsa gaisuwata ba. Ban ga laifinta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mahfuza. Ta daina zuwa. Na je kangon na tarar da Gwaggo Kande tana shanya tsummokaran da ruwa ya jiƙa. Ta ce Jannatu ta ce da ta zauna ruwa na dukan 'ya'yanta a garin mutane, gara ta koma ƙauye, ko ba komai geron da ta shuka ya isa yanka, kuma ɗakinta yana da rufi. An hana ta, ta ƙi. Ta kwashi yaran sun tafi. Ka san yadda hanyar nan take, ka san kuma ba waya balle a ji labari.

An yi wa azuzuwan fenti. Gaban makaranta ma an shafa, baya kuwa an bar shi, tunda baƙi ba za su zagaya ba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Inna da kyau.

Ɗiyarka,
Zuwairatu.


Safana,
Nuwamba, 2021.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan gwiwar ta yi sauƙi. Muntaka ya ce ya gan ka ka fito masallaci ba sanda, na yi hamdala.

Baƙin sun zo. Mota biyu, da rakiyar jami'an tsaro. Tun kafin ranar hedimasta ya sa muka yi gwajin abin da za mu faɗa, kamar yara masu shirin wasan kwaikwayo. In an ce wa ke yanke shawara a makarantar nan, mu ce dukkanmu. An zaɓi yara masu cikakken yunifom aka jera su gaba, marasa takalmi aka tura su can baya. Aka dafa shinkafa da kaji, a wannan marra da malami ke shiga aji da kunu a ciki.

Muka zauna a da'irar bencinan nan, aka ɗauki hotuna. Shugabar tawagar wata mata ce mai natsuwa, Hajiya Mardiya. Ta saurari jawabin hedimasta har ya gama lissafa kwamitocinsa. Sannan ta ce ta ji daɗi, amma abin da ya sa suka fara da makarantarmu shi ne labarin da suka samu cewa malamai sun haɗa kai sun ba matan da aka raba da gidajensu masauki, suna kuma koyar da yaransu. Ta ce sun zo da barguna da gidajen sauro a mota. Tana so ta gana da matan.

Ina kallon fuskar Malam Sharhabilu. Na ɗauka zai ji kunya, ko ya daburce. Ko gezau. Ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa ƙirji, ya ce, "Hajiya, kin taɓo mini inda ke ciwo. Na yi iya ƙoƙarina su zauna. Amma kwamitin tsafta da muhalli ya ga cewa suna ɓata makaranta, malamai kuma suka goyi baya. Ga shugabar kwamitin nan, Malama Zuwairatu, ita za ta fi ni bayani." Ya nuna ni da hannu biyu, kamar mai miƙa kyauta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce kwamitina bai taɓa zama kan maganar nan ba. Na ce shawarar daga ofis ta fito, aka sa ta a bakin wani, ni da Malam Hashimu muka ƙi. Malam Hashimu ya ce shi shaida ne, kuma zai maimaita haka gaban Allah. Sai na juya ga sauran na ce su faɗi gaskiya, ai suna nan aka yi.

Malam Bashar ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi. Wadda muke zama benci ɗaya da ita ta shiga laluben jakarta. Shi kuwa hedimasta dariya ya yi, ya ce wa baƙin, "Kun gani ko? A nan kowa yana da 'yancin magana, har a kaina." Hajiya Mardiya ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta tambayi inda matan suke. Malam Hashimu ya shiga motarsu ya kai su kangon. Ba su dawo cin abincin ba.

Ka san abin da ya biyo baya? Motocin na fita, aka buɗe kuloli. Mutanen da suka kasa ɗaga kai ɗazu suka zauna suna tsotsar ƙashin kaza, har ana gardamar wa ya ɗauki cinya biyu. Wata ta miƙo mini faranti wai in ci in huce. Na bar mata farantinta na fita bayan aji.

Washegari hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce bai ji haushi ba, ya san mata da saurin fushi, amma na ɓata wa makaranta suna gaban baƙi, kuma zai kawo maganar gaban taro a ji ra'ayin jama'a. Na ce ya kawo.

Na ga abin da ka rubuta, cewa in abin ya ishe ni ka san wanda za ka yi wa magana a maido ni Batsari. Ina tunani a kai. Wallahi da safe in na hango ƙofar makarantar nan sai in ji kamar an ce in sa hannu a kwata.

Har yanzu ba labarin Jannatu.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Zuwairatu.


Safana,
Disamba, 2021.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, da fatan kuna lafiya. An ce an kusa buɗe layukan waya, amma wannan magana na fi so ka karanta ta a zaune.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jannatu ta rasu. Ta samu ta yanke geronta, tana cikin ɗaurin dami ita da wasu mata 'yan bindiga suka faɗo gonakin. Waɗanda suka tsira sun ce ta tura yaran cikin karan dawa ta bi wata hanya da gudu don a bi ta. Aka bi ta. Wani mai amalanke ne ya kawo Mahfuza da ƙannenta biyu wurin Gwaggo Kande. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta.

Labarin ya iso makaranta ranar da aka sa za a zauna kan laifina. Mun taru, kowa ya riga ya ji. Hedimasta ya shigo ya zauna, ya yi salati, ya ce wannan rashi na dukkanmu ne, don haka ya ɗage maganata. Sannan ya ce ya kamata a kafa kwamitin ta'aziyya, a zaɓi shugaba da sakatare, su tsara yadda za a je, kuma a nemo mai hoto saboda a aika wa ƙungiya ta ga makaranta ba ta yar da matan ba.

Malam Bashar ne ya fara tashi. Na ɗauka shawarar da aka ba shi zai karanto. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ka kira ofis. Ni ka ce in faɗa. Ni na je na ce su tashi." Ya ɗauki hularsa ya fita. Malam Hashimu ya bi shi. Na tashi. Ina jin ƙarar bencina a bayana, ban waiwaya ba sai da na kai bakin ƙofar makaranta, na ga duk sun fito. Ta taga na hango hedimasta zaune shi kaɗai, yana kiran sunayenmu yana cewa ba a rufe taro ba.

Kada ka ɗauka na yafe musu, Baba. Da muke tafiya kangon ban iya jerawa da kowa ba. Gaskiyar da aka faɗa bayan an binne mutum, da wadda aka ƙi faɗa yana da rai, ba ɗaya ba ne. Amma dai sun taka da ƙafarsu, kuma ba wanda ya kira su ofis kafin su yi.

Gwaggo Kande ba ta shimfiɗa mana tabarma ba. Muka durƙusa a ƙasa, Malam Hashimu ya yi addu'a. Sai ya ce mun zo ne kuma mu roƙe su su dawo azuzuwan, mu malamai mun ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Ta ce, "Ku kunka kore mu, yau ku ka kiranmu. Gobe in wasu baƙi sunka zo fa? Mun gode. Nan ma Allah na nan." Malam Bashar ya yi ta kuka kamar yaro, ko kallonsa ba ta yi ba.

Abin da muka iya shi ne rufin. Mazan suka bi gari suka samo tsofaffin kwanuka da azara, iyayen yara suka taimaka, aka rufe ɗakuna biyu na kangon. Darasi kuma mun raba shi tsakaninmu a gindin darbejiya, mun sauke wa Malam Hashimu ajin da aka ɗora masa. Malam Sharhabilu yana nan, har yanzu shi ne hedimasta, ba abin da ya same shi. Yana zaune a ofis, ya daina kiran taro. Na ji an ce yana gaya wa mutane shi ya koya mana aiki tare.

Maganar komawa Batsari, na gode Baba, amma ka bar ta. Gwaggo Kande ta riƙe ƙananan biyu, ta ce Mahfuza kuwa in ina so in ɗauka, tunda uwarta ta sha faɗin sunana. Na yi shawara da maigida, ya ce gidan ai na marayu ne. Tana nan wurina. Ba ta magana sosai, in aka rufe ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Jiya dai na tarar da ita tana karanta wa ƙaramin ɗana littafinsa a hankali, tana bin layi da yatsa.

Don Allah ka ce wa Inna ta duba ƙasan adakarta. Ina jin hijabina na firamare da ƙaramar jakar nan ta saƙa suna ciki, ba ta yar da komai. In ta samu a ba Muntaka. Ranar Litinin nake so in riƙo hannun yarinyar nan mu shiga ta ƙofar gaba.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi bar mana ku. Wassalam.

Ɗiyarka,
Zuwairatu Umaru.